Babin Da Masu Fim Suka Yanke

Tun da Hafiza ta buɗe rumfar atamfa da safiyar Juma'ar nan take satar kallon layin masu gyaran waya. Ja'afaru yana nan a teburinsa, ya sunkuya kan wata waya da ya farke, amma ko sau ɗaya bai ɗago ya dubi inda take ba.

Kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui ta cika ta batse. Wata babbar mota da ta iso daga Kamaru ta tare rabin hanya, masu moto, wato babur, suna ta danna oda suna yi wa direban tsiya da Sango, yaren garin. Duk wannan hayaniya ba ta shiga kunnen Hafiza ba.

"Wannan turmin sau nawa za ki ninke shi?" in ji Gwaggo Amariya, ƙanwar babanta, wadda ita ce mai rumfar. "Ko so kike zanen ya goge a hannunki?"

Hafiza ta ajiye turmin, ta yi ƙasa da kai.

Ita dai Hafiza duk unguwa an san ta da kunya. Ta haura shekara ashirin, amma in babba ya yi mata magana sai ta kama kallon yatsun ƙafarta. Karatun lakwal ɗinta, wato na boko, bai yi nisa ba, shekarun rikici suka zaunar da ita a gida, ba ta sake komawa ba. Karatun Hausa kuwa a wurin Gwaggo ta koye shi, cikin tsofaffin littattafan da direbobi ke cuso mata a dilar atamfa. A cikinsu akwai wani da bangonsa ya daɗe da cirewa, labarin wata yarinya Ummuhani, tun tana goye har ta zama mace. Wannan littafi shi ya haɗa ta da Ja'afaru.

Wata rana ya zo duba wayar Gwaggo, ya tarar da ita tana karatu a hankali, leɓɓanta na motsi. Shi a nan Bangui aka haife shi, da Sango ya buɗe baki, Hausarsa ta ciniki ce kawai. Ya roƙe ta ta karanta masa shafi ɗaya. Daga shafi ɗaya aka koma babi-babi, kullum in kasuwa ta lafa bayan azahar, Gwaggo na zaune a tsakaninsu tana gyangyaɗin ƙarya. In kalma ta yi masa nauyi, Hafiza ta juya masa ita da Sango. Saura babin ƙarshe su gama, maganar ta isa kunnen babanta, Alhaji Dabo.

"Ban ce ba Musulmi ba ne," in ji Alhaji a ranar. "Sahu ɗaya muke tsayawa a Masallacin Koudoukou. Amma ina garinsu a gida, can ƙasar Hausa? Jikokina da wane baki za su gaishe ni?"

Ya hana karatun, ya hana hirar. Ya kuma fito da Sharafaddeen, ɗan yayansa, mai shigo da kaya daga Duwala. Ya rantse ba zai yi mata dole ba, zai tambaye ta kamar yadda addini ya ce. To amma kowa ya san yadda ake tambayar budurwa: in ta yi shiru, ta yarda. Ita kuwa Hafiza ba a taɓa sanin ta da wani abu ba sai shirun.

Yau ce ranar tambayar.

Gwaggo ta zaro wayarta daga haɓar zane ta miƙa mata. "Ungo, kai masa. Ki ce tana zafi."

"Gwaggo, ai lafiyarta lau."

"Ke ce likitar waya? Na ce tana zafi. In babanki ya tambaya, ni na aike ki, ya zo ya same ni."

Hafiza ta gyara mayafi ta tsallaka. Ta yi sallama a gaban teburin, ta ajiye wayar.

Ja'afaru ya amsa ba tare da ya dube ta ba. Ya juya wayar gaba da baya, ya tura mata abarta.

"Ki mayar wa Gwaggo. Ba abin da ya same ta."

"To kai me ya same ka?"

Sai a sannan ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Yayanki Sharafaddeen ya zo nan jiya," in ji shi. Da Hausa ya fara, amma da zancen ya yi zafi sai ya zame ya koma Sango. "Ya sauka daga mota, ya tsallake masu gyara duka, ya zo wurina. Ashe an yi fim ɗin littafinmu. Ya samo shi a tafiyarsa, ya ce in juya masa a katin memori don a kalla a telen gidanku yau. Ya ce in riƙe nawa kyauta. Wai tunda ba na iya karatu, ga hoto."

"Ka kalla?"

"Har ƙarshe. Na ga abin da ba ki karanta mini ba, Hafiza. An tara dattawa, aka tambayi Ummuhani, ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga, mata suka rangaɗa guɗa. Sai biki. Shi kuma mai ɗinkin takalman nan da take so, ya laɓe bayan bishiya yana waƙa." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ni ban iya waƙa ba. Kuma ba zan laɓe bayan bishiya ba. Kawuna na Bambari ya daɗe yana kirana, in na ji guɗa daga gidanku, gobe na bi mota."

"Ba haka littafin ya ƙare ba."

"To yaya ya ƙare?"

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, ta san ta kalma-kalma, amma ga mai gyaran gefe ya kasa kunne, ga wata mata ta tsaya tana jiran caja. Kunyar nan ta taso ta rufe ta. Ta dubi ƙasa.

"Kin gani?" in ji Ja'afaru a hankali. "Ni ne fa. Ni kaɗai, a kasuwa, ba rawani ba gemu. In ba ki iya faɗa mini ba, Alhaji za ki faɗa wa?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi, wasu suka biyo.

"Ban zarge ki ba," ya ce. "Wallahi ban zarge ki ba. Kunyarki na fara so kafin in san muryarki. Amma yau ita za ta raba mu, kuma ba wanda zai ce an yi miki dole."

Ta ɗauki wayar Gwaggo. Ta yi taku biyu, ta juyo.

"Kada ka ɗaure kaya tukuna," ta ce. "Masu fim ba su suka rubuta ba."

*

Da aka sauko daga Juma'a, Sharafaddeen ya shigo gidan cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi isa tsakar gida. Ya kawo abarba da lemon kwalba. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya gaida Inna Bilkisu, uwar Hafiza, ya gaida Gwaggo, wadda ta amsa da hanci.

"Ƙanwata, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya Sharafu."

"Na ji an ce kina son wani littafi har kina karanta wa mutanen kasuwa. To na kawo miki shi da rai. Ba sai kin wahalar da idonki ba."

Babu wuta a unguwar, amma batirin rana ya cika. Aka kunna tele a falon Alhaji. Ƙannen Hafiza suka baje a tabarma suna rigima da Sango kan wurin zama, har sai da Alhaji ya daka musu tsawa ya ce a gidansa Hausa ake yi. Suka yi tsit, can kuma suka ci gaba da raɗa da Sangonsu.

Hafiza ta zauna a bayan Inna, littafin na cikin mayafinta, ta danne shi da hannu.

Tun fitowar farko ta ji ba daidai ba. Ummuhanin littafi baƙa ce siririya, mai tabon ƙuna a ƙafa, in ta tsorata har i'ina take yi. Wannan kuwa fara ce sol, ta sha jan baki, ko daga barci ta tashi girarta a gyare take. Shekarun da Ummuhani ta yi tana jinyar kakarta, tana koyon rini har hannuwanta suka yi baƙi, duk an dunƙule su cikin waƙa guda a bakin wani lambu. Ranar da ta fara tafiya birni ita kaɗai ta ɓace a tasha, ta hana kanta kuka har ta gane hanya, wannan babin da Ja'afaru ya sa ta maimaita masa sau biyu, babu shi sam.

Ba duka ne bai yi ba. Inda uwar Ummuhani ke yi mata kitso tana ba ta labarin ƙuruciyarta, fim ɗin ya fi littafin. A takarda layi kaɗan ne, amma a nan an nuna hannun uwar yana rawa a kan gashin. Hafiza ta ji Inna ta ja numfashi, ita ma idonta ya ciko.

Amma abin da ya fi ci mata rai, an cire wa Ummuhani tunani. A littafi kana cikin kanta, kana jin duk amsar da take haɗiyewa, kana ganin yadda maganar ke taruwa a cikinta shekara da shekaru. A tele kuwa fuska ce kawai mai kyau da ke kallon ƙasa. Wanda bai karanta ba zai ɗauka ba komai a ciki.

"Kai, yarinyar nan akwai tarbiyya," in ji Alhaji, yana gyaɗa kai.

"Irin ta gida ke nan, Baba," in ji Sharafaddeen.

Aka zo ƙarshe. Dattawa suka zauna, aka tambayi Ummuhani, ta sunkuya, hawaye ya ɗiga a kan lallenta. Guɗa ta tashi. Aka nuna motoci, aka nuna mai takalma a bayan bishiya. Yara suka yi tafi.

Alhaji ya sa aka kashe tele, ya kori yaran waje. Sharafaddeen ya yunƙura kamar zai tashi, Alhaji ya ce ya zauna, ai ɗan gida ne.

"Hafizatu."

"Na'am, Baba."

"Matso nan."

Ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Kin san ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba. Ga uwarki, ga gwaggonki, su ne shaida. Yayanki Sharafaddeen ya nemi aurenki, ni kuma na ga dacewarsa. Ina tambayar ki. Kin yarda?"

Falon ya yi tsit. Daga waje ana jin ƙarar moto da mai tallan ruwan sanyi. Hafiza ta dubi zanen tabarma. Ta ji gefen littafin yana tokare mata ciki.

Shirun ya yi tsawo.

"Alhamdu lillahi," in ji Sharafaddeen, yana murmushi. "Baba, ai ta amsa."

Inna ta ɗaga hannu za ta kai hanci don guɗa.

"Ban yarda ba."

Muryar ƙarama ce, har Alhaji ya karkato kunne. "Me kika ce?"

Hafiza ta ɗago kai. Rabon da ta dubi fuskar babanta kai tsaye tun tana ƙarama.

"Na ce ban yarda ba, Baba."

"Innalillahi!" Inna ta dafe ƙirji. "Hafiza, a gaban babanki? Ke da ko sunan abinci ba kya iya faɗa in an tambaye ki?"

"Shi ya tambaye ni, Inna. Ya ce ba zai yi mini dole ba. In na yi shiru ya ɗauka na yarda, na sa shi ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba."

Gwaggo Amariya ta gyara zama, ta ɓare goro.

"Ƙanwata, fim ɗin ne ya taɓa ki," in ji Sharafaddeen, murmushin ya fara bushewa. "Ki huta, a sake magana. Kin ga ita ma Ummuhanin ta yi kuka, amma daga baya ai ta ji daɗi."

"Wannan ba Ummuhani ba ce, Yaya Sharafu." Ta zaro littafin daga mayafi ta ajiye a tabarma. "Sun ɗauki sunanta, sun ɗauki garinsu, sun bar ta a baya. A nan, da aka tambaye ta, i'ina ta kama ta, dattawa suka fara shafa fatiha, ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Sai da ta yi ta fama kafin kalmar ta fito, amma ta fito. Wannan babin suka yanke suka sa biki."

"To sai ta auri mai takalman, ko?" Ya yi dariya. "Abin da kike so a ce ke nan."

"Littafin bai faɗa ba. Bai ce ta auri kowa ba. Ya ce ta yi magana, washegari ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, mutane na kallon ta, ba ta sunkuya ba. A nan ya tsaya."

"Wannan ai ba ƙarshe ba ne. Wa zai biya kuɗi ya kalli haka?"

"Shi ya sa suka canza. Amma ni ba kallo na ake yi ba, Yaya. Ni zan zauna a gidan."

Sharafaddeen ya dubi Alhaji yana jiran a tsawata mata. Alhaji bai dube shi ba, 'yarsa yake kallo.

"Saboda yaron nan ne mai gyaran waya," ya ce.

"Da shi da ba shi, Baba, Yaya Sharafu yayana ne, haka zuciyata ta ɗauke shi. Amma tunda ka ambace shi, ba zan ɓoye ba. Ja'afaru nake so."

Inna ta fashe da kuka. "Wayyo ni Bilkisu, me zan ce wa dangi? A ce 'yata ta buɗe baki ta kira sunan namiji a gaban ubanta!"

Hawaye suka ɓalle wa Hafiza ita ma, amma ba ta mayar da kanta ƙasa ba.

"Ki yafe mini, Inna. Baba, ka ce jikokinka da wane baki za su gaishe ka. Ka saurari tsakar gidan nan." Ta juya kai wajen ƙofa. Daga waje muryoyin ƙannenta suka shigo, suna wasan fim ɗin, wannan ya zama ango, waccan ta zama amarya, kuma duk da Sango. "Mu ma da muke da gari a gida, ga inda muke. Ni ban taɓa ganin garin ba, a bakinka na san shi, sai a littafin nan. Ja'afaru ba wanda ya sa shi. Shi ya zauna a benci rana na dukan sa, yana tambaya ta mene ne marina, mene ne gwaggo, me ya sa ba a kiran sunan ɗan fari. Har ya fara gaida Gwaggo da durƙuso. Ban ce ya fi kowa ba. Na ce ka ji shi kafin ka ƙi shi."

"Durƙuson nasa ma ya fi na wasu," in ji Gwaggo, tana tauna goro.

"Amariya!"

"Ban ce komai ba, Yaya. Goro nake ci."

Sharafaddeen ya miƙe, ya kakkaɓe shaddarsa. Ya zare katinsa daga jikin tele.

"Baba, ni zan koma shago. Duk abin da ka yanke, ni ɗanka ne." A bakin ƙofa ya juyo ya dubi Hafiza, fuskarsa ba dariya. "Ashe kina da murya. Da kin yi amfani da ita tun farko, da ban sha kunya a gaban iyayena ba."

"Gaskiyarka, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya fita, ƙamshin turaren ya daɗe bai bi shi ba.

Alhaji Dabo ya sunkuya ya ɗauki littafin. Ya juya shi, ya dubi inda bangon ya cire, ya dubi gefen shafukan da yatsu suka yi wa baƙi. Bai buɗe ba. Ya riƙe shi a cinya, ya zuba wa bango ido.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Shirun ya yi ta tafiya. Inna ta daina kuka tana jan hanci. Gwaggo ta miƙo ƙafa ta taɓa Hafiza, ta yi mata raɗa yadda kowa zai ji: "Tashi, ke. Ai ya yi shiru. A gidan nan an ce shiru amsa ce."

Hafiza ba ta motsa ba.

"A'a, Gwaggo." Ta ƙara gyara durƙusonta. "Baba, na ga ka yi shiru. Ni ba zan ɗauki shirunka in ce ka yarda ba. Na san abin da ke zama a cikin shiru. Ina nan har ka faɗa da bakinka, ko me za ka faɗa."

Alhaji ya sauko da idonsa kanta. Ya daɗe yana kallon ta, kamar yau aka kawo masa ita cikin zani. Gemunsa ya motsa.

"Yana da manya a garin nan?"

"Yana da su, Baba."

"Ya turo su in ji daga bakinsu." Ya ɗaga yatsa. "Ban ce na ba shi ba, Hafizatu. Ki ji ni da kyau. Cewa na yi ya turo."

"Na ji, Baba. Na gode."

Ya miƙa mata littafin. Ta karɓa da hannu biyu.

Gwaggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, ta zaro wayarta ta kara a kumatu.

"Kai, wayar nan ta sake yin zafi," ta ce. "Taso mu je kasuwa kafin masu gyara su tashi. Ki riƙo littafin, akwai wanda aka bari da ƙarshen da ba shi ba."